Yadda Aka Sace Mini Mutanen Geza

Ni da yayata muka ƙirƙiro Mutanen Geza, a tsakar gidanmu da ke Gobarau, muna tsintar shinkafa. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai masu rantsuwa cewa mutanen nan sun taɓa zama a doron ƙasa. Wani ma ya dubi idona ya ce kakansa ya ba shi labarinsu. Ƙarya yake yi. A gabana aka haife su.

Muna firamare a lokacin. Inna ta dire mana faifai ta ce kada wadda ta tashi sai mun fitar da tsakuwa kaf. Gajiya ta ishe mu, sai Yaya ta ce, "Kin san akwai wata ƙasa mai rana biyu? Ɗaya na faɗuwa ɗaya na fitowa, mutanenta ba su taɓa ganin duhu ba."

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ni ma yanzu na sani."

Ba mu taɓa hawa doki ba, daga ni har ita. Dokin da muka sani shi ne wani tsoho ramamme da ke ɗaure a turke a bayan gidan maƙwabcinmu, kullum ƙudaje na cin idonsa. Amma a ƙasarmu mai rana biyu kowa mahayi ne, maza da mata, har tsofaffi masu furfura. Suna zaune a bakin wani makeken tafki, ciyawa tana kaiwa likkafa. Ba sa gini, tantin fata suke kafawa. Idan aka haifi jariri ba a raɗa masa suna sai wani ɗan doki ya zo da kansa ya shinshine shi ya yarda da shi. Ba su da rubutu. Duk abin da ya same su mai girma, sai su yi kitso guda a gezar goɗiyar da ke jan gaba, kuma akwai tsohuwar da aikinta ke nan, ta shafa kitson ta faɗi abin da ya faru. Daga nan sunansu ya fito.

Yaya ce mai kawo masifa a labarin, ni ce mai neman mafita. Ita ta ce wata rana suka farka suka tarar tafkin ya tashi ya yi tafiyarsa, ya bar kifi na birgima a taɓo da wata doguwar laima da ta miƙa arewa. Ni na ce to sai su bi shi. Suka naɗe tantuna suka bi sawun ruwa. Suka ratsa duwatsun gishiri inda kofaton dawaki ya rinƙa tsagewa, har suka koyi ɗaure shi da fata. Suka shiga ƙasar da rana ɗaya ce tak, duhu ya rufe su karon farko, jama'a suka fashe da kuka suna zaton sun makance, dawakin ne kawai suka ci gaba da kiwo ba abin da ya dame su. Suka iso wani kogi mai gudu zuwa tudu. A nan suka rabu biyu: wasu suka ba da dawakinsu suka karɓi kwale-kwale, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, sauran suka yi musu kitso a geza suka wuce.

Mun girma da mutanen nan. Muna wanke-wanke suna tafiya, muna hanyar islamiyya suna tafiya. Har bayan aurenmu, in na je gidanta, kafin ruwan shayi ya tafasa za ta ce, "Ina muka baro su?"

Babi mafi tsawo shi ne na Birnin Ƙarau, kuma dole in faɗe shi dalla-dalla domin a kansa aka zalunce ni. Mutanen Geza sun iso ƙofar birnin da yunwa, a shekarar da fari ya kama ƙasar. Aka buɗe musu. Su kuma suka rinƙa ɗauko wa birnin ruwa daga nesa a kan dawakinsu har aka tsira. Aka zauna lafiya, aka yi auratayya. Sai wani sabon sarki ya hau, ya ji tsoron yawan dawakinsu, ya yi doka cewa duk ɗan dokin da aka haifa a kai shi bargarsa. Ma'anar wannan a wurinsu ita ce ba yaron da zai sake samun suna. Yara suka tashi ana kiransu "kai" da "ke". Dattawa suka je fada suka roƙa, suka sake roƙa, aka kore su da bulala. A ƙarshe suka fasa bargar, suka kwashe 'ya'yan dawakinsu, suka ɓalle ƙofar birni suka fita. A cikin hargitsin wuta ta kama kasuwa, kuma tsohuwar nan mai shafa geza ta yi wa wutar kitso na musamman, na kunya, don kada jikoki su manta cewa su ma sun ɓata wa wasu.

A nan muka tsaya, Yaya ta kwanta ciwo. Ba ta tashi ba.

Bayan rasuwarta dangin mijinta suka tafi da 'ya'yanta wani gari. Ni ina koyarwa a wata firamare, ina aure a Ƙofar Marusa, ba na samun zuwa sai da hutu. Sai na fara ɗaukar labarin da muryata a waya, babi babi, ina tura musu. Ina so su san uwarsu ba tuwo da wanki kaɗai ta iya ba. Da wayar ta cika, na kai wa ɗan kawuna, wanda ke da shagon cajin waya da tura fina-finai kusa da Babbar Kasuwa, na ce ya kwashe mini a memori. Ƙanena ne, na goya shi, na wanke masa kashi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Yaya, je ki yi cefanenki, kafin ki dawo na gama."

Bayan wasu makonni na taso daga makaranta na shiga kurkura, keken hayan nan mai ƙafa uku. Direban ya kunna wani abu a wayarsa. Muryar namiji ce, an sa mata amo kamar daga cikin rijiya take fitowa. Yana cewa jama'a su saurari tarihin da aka daɗe ana ɓoye musu, tarihin baƙin da ke kwararowa birni daga ƙauyuka suna cewa gudun hijira suke yi. Ya ce ga wata malama masaniyar tarihi za ta faɗi asalinsu.

Sai na ji muryata.

"Suka iso ƙofar birni da yunwa, aka buɗe musu."

Daga nan aka datse. Babu fari, babu ruwan da suka ɗauko, babu sarki, babu yaran da aka hana suna. Babu rana biyu, babu tafkin da ya yi tafiya, duk abin da zai sa mai hankali ya gane ƙagaggen labari ne an cire shi. Abin da ya biyo baya kawai shi ne, "Suka ɓalle ƙofar birni, wuta ta kama kasuwa." Sai namijin ya dawo ya ce, "Kun ji dai. Jiya a kan doki suka zo, yau a kan babur. Mutanen Geza suna cikinku."

Na san muryar duk da amon da aka sa mata. Yaron da na goya ne.

Na ce da direban, "Malam, kashe abin nan. Muryata ce, kuma ƙarya ce aka haɗa."

Wata mata da ke gefena ta juyo ta kama hannuna. "Ke ce? Kai, Hajiya, Allah shi saka miki da alheri. Kin tona asiri."

Na ce, "Baiwar Allah, tatsuniya ce. Ni da yayata muka ƙaga ta muna yara."

Ta yi murmushi ta matse hannuna, ta rage murya. "Na gane. Ai dole ki ce haka, don tsaro."

Ban san lokacin da na ce a sauke ni ba. Na ƙarasa gida a ƙasa, rana na dukana, ina magana ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Da a ce abin ya tsaya a wayoyin mutane, da wataƙila na haɗiye. Amma a layinmu akwai wata mata da ke soya awara a ƙofar gidan da suke haya. Daga wani ƙauye na yamma suka gudo bayan 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna sun kashe mata ƙane. Mijinta manomi ne, da ya rasa gona ya koma kabu-kabu da babur ɗin wani. Kullum in zan wuce mukan gaisa, takan ƙara mini awara a kan wadda na saya, ni kuma na sa 'yarta a ajina.

Washegari na tsaya wurinta kamar kullum.

"Ina wuni, maƙwabciya? Ya sana'a?"

"Lahiya lau, Malama."

"Ya yara? Ya maigidan?"

"Lahiya."

Ba ta ɗago ba. Tana juya awara a mai, ta juya wadda ta riga ta soyu. Can ta ajiye matsamin ta ce, "Malama, mi muka yi miki?"



Ta ce, "Na ji muryarki. Ɗiyata ta ce muryar malamarsu ce, na ce ta yi mini shiru, sai da na saurara da kunnena. Yara na bi ta nan suna ce mini 'yar Geza. Jiya an zuba mini ƙasa a cikin mai. Maigidan ya je inda suke tsayawa da babura, aka ce ba a son irinsu. Mu ba mu da doki, Malama. Jaki guda muke da shi, shi ma sun tahi da shi."

Na tsuguna a gaban kaskonta, a kan titi, da kayan aikina, na yi mata bayani tun daga faifan shinkafa. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta yarda da ni. Sannan ta ce, "To amma su wa zai gaya musu?"

Daga nan ban shiga gida ba, shagon ɗan kawuna na nufa. Na tarar da shi a zaune kan kujera mai juyawa, samari sun cika benci, wayoyi jere a kan katako suna caji. Ya miƙe da fara'a.

"A'a, Yaya! Sannu da zuwa. Ya gida, ya maigidan, ya—"

"Riƙe gaisuwarka. Wa ya ba ka izinin taɓa muryata?"

Ya dubi samarin ya yi 'yar dariya. "Haba Yaya, ai kin yi suna. Ko'ina ke ake saurare. Har daga wasu jihohi ana turo mini ana tambayar ci gaban."

"Ka ce tarihi ne."

"To in na ce tatsuniya ce wa zai saurara?"

"Ka yanke inda suka ɗauko wa birni ruwa. Ka yanke inda aka ƙwace musu 'ya'yan dawaki."

"Ya yi tsawo ne. Mutane ba su son abu mai tsawo."

"Ka san matar da ke soya awara a layinmu? Ka san an zuba mata ƙasa a mai saboda kai?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ban ambaci sunan kowa ba. Kuma Yaya, tsakani da Allah, ƙarya na yi? Ba su cika mana gari ba?"

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Uwarsa da ta haife shi daga ƙauye aka auro ta, da ƙullin kayanta a ka ta shigo Katsina, Inna ce ta koya mata kunna risho. Na gaya masa haka da ƙarfi, yadda masu shagunan gefe za su ji. Na ce labarin nan na marigayiya ne, wadda ta yi jinyarsa lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi, ya ɗauki abin da ta bar wa marayunta ya mayar da shi dutsen jifan bayin Allah. Na ce ya goge, kuma ya ɗauki wata muryar ya faɗi abin da ya yi.

Ya ce, "Ko na goge ya riga ya tahi."

Na fizge wayar wutar da ke bango. Wayoyin da ke kan katakon suka zubo ƙasa, samari suka yi tsalle kowa na neman tasa. Ban tsaya ganin wadda ta fashe ba. Har yau ban yi nadama ba, kuma kada wanda ya jira in yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya aiko a kira ni. Maigidana ya raka ni. Muka tarar an shimfiɗa tabarma a zaure, Kawu a kan buzunsa, Inna a gefe da carbi, shi kuma mai laifin ya sunkuyar da kai kamar na Allah. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da yara, aka yi addu'a. Na zauna ina jiran a tambaye shi.

Ni aka tambaya.

Kawu ya ce, "Ke yanzu da girmanki, matar aure, malamar makaranta, ki tahi kasuwa kina ɗaga murya cikin maza? Kin zubar da kayan mutane. Kin ambaci uwarsa a bainar jama'a."

Na ce, "Kawu, ka ji abin da ya haɗa da muryata?"

"Na ji. Yaro ne, ya yi kuskure. Amma ke mi ya kai ki ɗaukar muryarki a waya tun farko? Mace ta san inda muryarta za ta tsaya. Da kin bar tatsuniyarki a ɗaki, da duk ba a yi haka ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wato ɓarawo ya shiga ɗakina, laifina ne da na mallaki abin sata. Na ce, "Marayun 'yarka na tura wa, Kawu. 'Ya'yan marigayiya. Shi kuma amana na ba shi."

Maigidana ya gyara zama ya ce, cikin ladabi, shi da saninsa aka ɗauki muryar, kuma akwai iyalin da yanzu ba su iya fita neman abinci saboda abin da yaron ya yi. Kawu ya ce Allah ya kyauta, amma shi zumunci ya tara mu a kai, ba shari'ar 'yan gudun hijira ba. Ya umarci ɗansa ya ba ni haƙuri. Yaron ya ce, "Yaya, yi haƙuri," idonsa na kan wayar da ke cinyarsa. Aka ce ni ma in ba shi haƙuri.

Inna ta ajiye carbinta. Ta dubi ƙanenta ta ce, "Ba za ta ba shi ba. Ina jinsu suna wannan labari tun ba su iya ɗaura zane ba, ban taɓa jin sun zagi kowa a ciki ba. Ɗanka ne ya sa zagin." Ta miƙa mini hannu in tashe ta, muka fito. Da muka kai ƙofar gida, ta ce in sayo mata maganin ciwon gwiwa.

Na yi abin da zan iya. Na ɗauki sabuwar murya na faɗi gaskiya, na haɗa da babin Birnin Ƙarau cikakkensa, na tura wa duk wanda nake da lambarsa, na roƙi a yaɗa. Malaman makarantarmu suka tura. Limamin unguwarmu ya ja kunnen jama'a bayan sallar la'asar a kan yaɗa abin da ba su tabbatar ba, Allah ya saka masa. Amma ban taɓa shiga kurkura na ji ana sauraren gyaran ba. Wata abokiyar aikina ma ta ce mini ta fara ji, sai ta ga ya yi tsawo.

Ba a jima ba mai gidan da mai awara ke haya ya ce su tashi. Ni da maigidana muka same shi a shagonsa na hatsi. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, ya ce wallahi shi bai yarda da zancen wayar nan ba, ya san shirme ne. Sai dai sauran 'yan haya sun ce hankalinsu bai kwanta ba, matarsa ma ta ce haka, shi kuma ba ya son fitina. Na ce, "Alhaji, ka san ƙarya ce, kuma za ka kore su a kanta?" Ya ce, "Malama, ki fahimce ni." Na fahimce shi sarai, shi ya sa na tashi ban sha ruwansa ba.

Suka koma wani kango a bayan gari, ginin da ba a gama ba, ba ƙofa ba taga, suka rataya buhu. Na taya ta ɗaure kaya. Kaskon awarar ni na riƙe shi a cinyata a cikin kurkura har muka isa. 'Yarta ta daina zuwa makaranta saboda nisa. Nakan je in gan su, tana karɓata da fara'a, tana shimfiɗa mini tabarma, ba ta taɓa sake tayar da maganar ba. Ni ce nake kasa haɗa ido da ita, ina zaune ina jin haushin da ban san inda zan sauke shi ba.

Ɗan kawuna kuwa shagonsa ya bunƙasa, ya kama na kusa da shi ya haɗe. Da aka sa ranar aurensa, matar Kawu ta zo gidana da kanta da atamfar anko a leda. Muka gaisa sosai, na kawo mata abinci, ta ci. Ta ajiye ledar a gabana ta ce komai ya wuce, ni ce babbar yaya, ni ake so in tsaya a kan kayan lefe.

Na ce, "Gwaggo, kin san ina ganin girmanki. Ki gaya masa ya ɗauki wayarsa, da muryarsa ta gaskiya ba mai amo ba, ya ce shi ya yanka labarin, shi ya ƙara ƙarya, kuma ya tura duk inda ya tura na farko. Ranar da na ji wannan, ni zan yi masa girkin biki da hannuna."

Ta ce, "Ke dai akwai riƙo."

Na ce, "Akwai."

Na mayar mata da ledar cikin jakarta, na raka ta har bakin titi, na tsayar mata da abin hawa. An yi bikin, na ji an ce ya yi jama'a. Ni ranar ina bayan gari, ina yi wa 'yar mai awara bitar karatun da ya wuce ta.